Abin da Ya Hana Inabi Zama a Jos

Wani mai karatu da ke dillancin kayan gwari a kasuwar Farin Gada ya aiko da tambaya: tunda kabeji da karas da latas da dankalin Turawa duk baƙi ne, kuma sun zauna daram a Filato, me ya sa inabi bai zauna ba? Ya ce na kan teburan masu 'ya'yan itace a Jos galibi daga Afirka ta Kudu yake zuwa, ko daga Kudan ta wajen Zariya.

Kuza ce mafarin zancen. A 1903 injiniyan kamfanin Neja, H. W. Laws, ya hau tsaunin Filato, daga baya aka kafa sansani a Naraguta, nan kusa da inda kasuwar take yau. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos. Turawan haƙar ma'adinai da 'yan mishan suka zo da irin abincin garinsu, kukunsu da masu yi musu lambu suka koyi shuka. Ramukan kuzar da aka bari suka cika da ruwa, suka zama kududdufan noman rani, su da bakin kogin Dilimi.

Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce addini da doka. Inabi wurin Bature giya ne, ita kuwa giya an hana ta a Arewa. Akwai ƙamshin gaskiya. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta ba Turawa damar haramta barasa a yankunan da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuma ya riƙe wannan da ƙarfi tun 1900, yana kafa hujja da ƙasar Musulmi. Kudu na cika baitulmali da kuɗin fiton barasa, Arewa na zaman jiran tallafi daga Landan, kuma wannan giɓin na cikin abin da ya kai ga haɗewar Kudu da Arewa a 1914.

Amma ni wannan bayani bai cika mini ciki ba. Barasar da ake shigowa da ita daga ƙetare dokar ta sa wa ido, don kada ta kai hannun 'yan ƙasa. Bature da lasisinsa yana shan abinsa a kulob. Burkutu kuwa ba a daina dafa ta da dawa da gero a ƙauyukan tsaunin da barikokin 'yan kuza ba. Da aka zo shekarun 1970 ma, a Jos aka kafa Jos International Breweries mai giyar Rock. Sannan Kudan da ta yi suna da inabi yau ƙasar Musulmi ce, na ci suke nomawa. Da addini ne shingen, ai da can ya fara tarewa.

Na fi gamsuwa da bayanin ƙasa da sama. Dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ba a sayar wa baƙo. Mai haƙar kuza haya yake, in ramin ya ƙare ya naɗe tabarmarsa. Dankali wata uku ne zuwa huɗu, inabi kuwa sai an kafa masa rumfa, an yi shekara uku ana ɗawainiya kafin a ga abin kirki. Wa zai yi wa gonar aro wannan hidima? A Kef ta Afirka ta Kudu, inda Turawa suka je da niyyar zama, Jan van Riebeeck ya matse inabin farko tun 1659, har Abraham Perold ya haɗa musu irin kansu, Pinotage, a 1925.

Sai ruwa. Jos na bisa tsayin kusan mita 1,200, sanyin da ke ruɗin mutane ke nan su ce ai kamar Turai. Amma daminarta doguwa ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, ga hazo ga laima, inabi kuwa ba abin da ya tsana kamar jiƙa lokacin nuna: ganye ya yi fumfuna, 'ya'ya su fashe. A dubi Dodoma ta Tanzaniya. Tsayinta bai yi nisa da na Jos ba, amma busasshiyar ƙasa ce. 'Yan mishan suka dasa inabi a yankin, ya karɓa, har ana girbi sau biyu a shekara, suna da irin da ake kira Makutupora.

In kuwa inabin gado ake nema, daji na da faru, mai 'ya'ya curi-curi da yara makiyaya ke sha, wanda Turawa da kansu suka laƙaba wa inabin Afirka.

Bayan kuza ta faɗi a shekarun 1980, lambu ya ɗauki mutane da yawa. Sitiroberi ya samu gida a Chaha ta wajen Vom, wasu manoma kuma na gwada tuffa da inabin ci, suna datse reshe yadda nunar za ta faɗo cikin rani. Dillalinmu dai har yanzu kwandon tumatir yake lodawa motocin Kudu.