DAGA FARAUTA ZUWA KALLO: TAƘAITACCEN TARIHIN GANDUN DAJIN YANKARI

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya taso daga Jos da niyyar kallon namun daji a ƙasar Bauchi, ta Miri zai shiga birni. Daga nan ya ratsa gari ya ɗauki hanyar Gombe har Dindima, sa'an nan ya karkata dama zuwa Mainamaji, inda ƙofar Gandun Dajin Yankari take. Tafiyar daga Bauchi zuwa sansanin Wikki ta kai kimanin kilomita 110. Irin wannan ziyara Turawa ke kira safari, kalmar da suka aro daga Suwahili, wadda ita kuma ta samo ta daga Larabci. Daga wannan tushe ne Hausa ta sami kalmar safara, sai dai Bahaushe ya keɓe tasa ga tafiyar fatauci. Tafiya takanas don a kalli dabba a dawo hannu rabbana baƙuwar al'ada ce a wurinsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda wannan al'ada ta shigo, da yadda Yankari ya sauya hannu, da kuma abin da sauyin ya haifar ga dabbobi da mutanen da ke maƙwabtaka da su.

2.0 Dajin Kafin Zuwan Turawa

Ana yawan ɗauka cewa Yankari daji ne da ɗan Adam bai taɓa zama cikinsa ba. Abubuwan tarihin da ke cikinsa sun ƙaryata wannan zato. Akwai rijiyoyin Dukkey guda 139 waɗanda aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashi don tara ruwa. Akwai koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira da sunan P.J. Marshall, mai binciken da ya bayyana su a 1980. Har ila yau akwai kufan matoyar tama a Shau Shau, inda tanderu masu yawa suke tsaye har yanzu, da kuma rubuce-rubucen da ke jikin Tunga Dutse. Duk waɗannan shaida ce ta cewa maƙera da manoma da fatake sun rayu a nan.

Amma kuma lokacin da Turawa suka ci Bauchi a 1902, tsakiyar dajin ba ta da jama'a sosai. Ƙudan tsando, mai jawo wa shanu sammore, ya taimaka wajen nisanta makiyaya daga bakin Kogin Gaji. Waɗanda suka fi sanin dajin su ne mafarauta, masu shugabanni da tsari da asirai nasu. A idon mafarauci, naman daji arziki ne da Allah ya ajiye wa mai jarunta. Wannan fahimta ita ce dokokin da suka zo daga baya suka ci karo da ita.

3.0 Kafa Gandu

Tunanin keɓe daji don dabbobi daga waje ya zo. Amurka ta kafa gandun Yellowstone a 1872. A Nijeriya an yi dokar kare namun daji a 1916, sa'an nan a 1933 ƙasashen da ke mulkin mallaka suka ƙulla yarjejeniya a Landan kan kare dabbobi da tsirran Afirka. A 1934 wani kwamiti ya ba da shawarar a gwada kafa gandu a Masarautar Bauchi, amma maganar ta kwanta fiye da shekara 20.

Wanda ake dangantawa da farfaɗo da ita shi ne Alhaji Muhammadu Ngileruma, minista a Gwamnatin Jihar Arewa, wanda ya ga irin wannan gandu a Sudan ya yi sha'awar a yi shi a gida. A 1956 gwamnati ta amince, a 1957 kuma aka shata dajin a matsayin gandun En'e ta Bauchi, a zamanin Sarkin Bauchi Adamu Jumba. An buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, cikin yankin da ake kira Ƙaramar Hukumar Alƙaleri a yau.

4.0 Ruwa da Masu Ziyara

Duk gandun da ake kallon dabbobi cikinsa, ruwa ne jigonsa. Alal misali, Gandun Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗe gandun Borgu da na Zugurma, yana gefen tafkin da madatsar Kainji ta samar a 1968. Yankari ba shi da tafki irin wannan. Abin da yake da shi shi ne Kogin Gaji da maɓuɓɓugan da ke ba shi ruwa rani da damina. Mafi shahara cikinsu ita ce Wikki, wadda ɗumin ruwanta ba ya gushewa daga awo 31 dare da rana, kuma aka ƙiyasta tana fitar da lita miliyan 21 a kullum.

Wannan shi ne dalilin da ya sa rani ya fi dacewa da ziyara. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, idan tafkunan damina suka ƙafe ciyawa ta kwanta, dole dabbobi su gangaro bakin Gaji. A nan mai ziyara, yana bisa buɗaɗɗiyar mota da safe ko da la'asar, zai iya ganin giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da dorina da kada. Gadu da bika kuwa har cikin sansanin Wikki suke yawo. An lissafta tsuntsaye fiye da iri 350 a dajin. A shekarar 2000 masu ziyara sun haura 20,000, daga ƙasashe fiye da 100.

5.0 Sauyin Hannu

Daga hannun En'e da Gwamnatin Arewa, Yankari ya koma ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas bayan 1967, sa'an nan Jihar Bauchi a 1976. A 1991 Doka ta 36 ta mayar da shi gandun ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya. A 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar wa Jihar Bauchi da shi. A wannan shekarar ce kuma aka kawo dabbobi daga Namibiya, ciki har da raƙuman dawa da jakunan dawa, aka zuba a gandun Sumu da ke Ƙaramar Hukumar Ganjuwa.

Abin lura shi ne, duk wannan sauyi bai hana asara ba. Raƙumin dawa da rabbi da kyarkeci da mariya, waɗanda dajin ya taɓa ƙunsa, sun ɓace daga cikinsa. Annobar bushiya da ta auka wa shanun Nijeriya a 1983 ta hallaka ɓauna masu yawa. Zaki ya ragu ƙwarai. Giwa kuwa, duk da haramcin cinikin haure tsakanin ƙasashe da aka yi a 1989, ƙidayar 2006 ta same su kusan 350, amma cikin shekara 10 ƙiyasi ya sauko zuwa tsakanin 100 da 150. Ko da haka, garken Yankari yana cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya.

Sauƙi ya fara samuwa ne bayan 2014, lokacin da Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don kula da sintirin masu gadin daji. Aka horar da su, aka riƙa ba su guzuri da alawus, aka kuma ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke. Ƙungiyar ta ba da rahoton cewa daga tsakiyar 2015 an shafe shekaru ba a sami giwar da aka kashe don haure ba.

6.0 Maƙwabtan Daji

Akwai ɓangaren tarihin da mai ziyara ba ya gani daga kan mota. Mutanen gundumomin Duguri da Fali da Gwana su ne ke kwana da dajin su tashi da shi. Garken giwa na iya cinye gonar dawa a dare ɗaya, wahalar shekara guda ta tafi a banza. Makiyayi yana kallon ciyawa da ruwa a cikin gandu alhali shanunsa na ramewa a waje. Mafarauci kuwa ya wayi gari sana'ar kakanninsa ta zama laifi. Idan waɗannan mutane ba su ga amfanin gandun a aljihunsu ba, ba abin mamaki ba ne su ɗauke shi abokin gaba. Shi ya sa aka fara ɗaukar wasu 'yan ƙauyukan aikin lura da motsin giwaye da faɗakar da manoma, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa Yankari ya yi zamani uku: zamanin mazauna da mafarauta, zamanin keɓewa daga 1957, da zamanin masu kallo daga 1962. Ta kuma nuna cewa mayar da shi hannun jiha ko na tarayya bai taɓa isa ya tsare dabba ba. Abin da ya tsare giwa shi ne mai gadi da aka biya hakkinsa a kan kari, da manomi da aka saurari kukansa. Yaron da aka haifa a Miri a yau, sai ya je Sumu zai ga raƙumin dawa, shi ma baƙo daga Namibiya. Ko jikokinsa za su tarar da giwa a bakin Gaji, wannan ya danganta ga yadda hukuma da jama'a suka riƙe waɗannan abubuwa biyu.