Tarihin Ziyarar Gida-Gida Domin Lafiyar Ƙananan Yara a Bogo da Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Bogo gari ne a gundumar Diamare ta jihar Arewa Mai Nisa a ƙasar Kamaru, kimanin kilomita 35 gabas da Marwa, a bakin rafin Mayo Tsanaga. An san shi da babbar kasuwar shanu da kuma noman masakwa, wato dawar rani da ake dasawa a ƙasa mai laka bayan ɗaukewar ruwa. Garin yana da lamiɗo, kuma Fulatanci ne harshen hulɗa, ko da yake akwai Barebari da Musgum da Hausawa 'yan kasuwa, kamar yadda ake samun su a Marwa da Garwa. A yau Bogo hedikwata ce ta gundumar kiwon lafiya.

Idan aka ce ziyarar gida-gida, ana nufin tsarin da ake zaɓar mutum, a horar da shi, a raba masa gidaje, ya riƙa zuwa a kan ƙayyadadden lokaci domin duba mai ciki da mai jego da yaron da bai kai shekara 5 ba. Tarihin wannan tsari a arewacin Kamaru, da maƙwabtansa na ƙasar Hausa, ya nuna cewa abin da za a kai gida bai cika wahalar da masu tsarawa ba. Abubuwa biyu ne suka riƙa tayar da shiri ko kayar da shi: wa aka yarda ya wuce zaure, kuma wa ke biyan sa.

2.0 Ziyarar da aka tarar

Kafin zuwan asibiti, gidan mai jego ba ya rasa baƙi. A al'adar Hausawa ungozoma ce ke yanke cibi, ta yi wa jariri wanka, ta kuma riƙa dawowa har bayan suna. Mata suna zuwa barka. Tsohuwa daga dangi takan zauna ta kula da wankan jego da kunun kanwa har kwana 40, kuma mai haihuwar fari sau da yawa gidan iyayenta ake kai ta. Wanzami shi ne namijin da sana'arsa ke kusantar da shi ga jariri. Duk wani namiji baƙo iyakarsa zaure, shi ya sa kalmar “ba shiga” ta zama doka a ƙofar gida. Tsarin gidan Fulani na Diamare bai bambanta ba: gida shi ne saare, zaure kuma jawleeru, sannan abin da Bahaushe ke kira kunya suna kiran sa semteende.

Ba duk abin da wannan tsohuwar ziyara ke kawowa ne alheri ba. Akwai zubar da dakashi, wato nonon farko, bisa zaton yana cutar da jariri, akwai ba shi ruwa ko jiƙo tun kwanakin farko, akwai cire beli da aska marar tsabta. Amma tana da abin da shirye-shiryen hukuma suka daɗe suna nema: mai ziyarar mace ce, sananniya, kuma tana isowa a ranar da aka haihu. Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana yarinya nuna damuwa da ɗanta a gaban manya. Duk wanda ya tsara tambayoyin da za a yi wa uwa bai san da wannan ba, zai yi ta tambayar wadda ba za ta amsa ba, alhali kaka ko kishiyar uwa ce ke yanke shawara a kan yaron.

3.0 Zamanin kiran taro

Turawan Faransa ba su shiga gida ba, kiran mutane suka yi waje. Likitan soja Eugène Jamot, wanda ya kama aikin yaƙi da ciwon barci a Ayos ta kudancin Kamaru a 1922, shi ne ya kafa salon ayarin likitoci masu yawo. Ayari yakan sauka a ƙauye, a umarci sarki ya tara jama'a, a jera su a layi, a duba kowa, a yi allura, a wuce. Daga baya aka yi amfani da wannan salo a kan agana da sanƙarau da kuturta har zuwa arewa, inda umarni ke bin lamiɗo zuwa lawan zuwa jauro. Salon ya rage annoba ƙwarai. Sai dai bai dace da jinjiri ɗan kwana uku da uwarsa da ke cikin ɗaki ba, domin cututtukan da ke kashe su, irin su zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari, ba sa jiran zuwan ayari.

4.0 Daga Maraɗi da Tokombere zuwa Alma-Ata

Gwaji na farko mai ƙarfi a ƙasar Hausa a jihar Maraɗi ta Nijar aka yi shi, a cikin shekarun 1960. Ƙauye yakan zaɓi maza da za a koya wa taimakon gaggawa, da ungozomomin da dama suke aiki, a kai su horo na 'yan kwanaki, su dawo da akwatin magani mai ɗauke da irin su nibakin da asfirin da maganin ido. Hikimar shirin ita ce bai ƙirƙiro sabuwar mai ziyara ba, ya ɗauki wadda ƙofa ta riga ta buɗe mata, ya ƙara mata sabulu da reza mai tsabta da sanin lokacin da za ta tura mace asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka labarin Maraɗi a cikin wani littafi da ta buga a 1975 game da kiwon lafiyar da jama'a ke yi wa kansu.

A wannan shekara ta 1975 ne wani likita kuma limamin Katolika ɗan Faransa, Christian Aurenche, ya isa Tokombere, a gindin duwatsun Mandara, arewa da Marwa. Asibitin garin Giuseppe Maggi ne ya kafa shi, likita ɗan Suwizalan wanda kuma ya kafa na Pette a Diamare. Aurenche ya juya aikin: ma'aikatan jinya suka riƙa fita ƙauyuka a kai a kai, ana auna nauyin yara, ana tattaunawa da iyaye a kan abinci da ruwa, ƙauye kuma yana da kwamitinsa na lafiya. Abin da ya raya Tokombere shi ne asibiti yana bayan kowane ma'aikacin ƙauye, ana zuwa duba shi, ana karɓar majinyacin da ya turo.

Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗaga tutar lafiya ga kowa, Kamaru ta rungumi kiwon lafiya matakin farko a 1982. A lokacin duk arewa lardi ɗaya ne mai hedikwata a Garwa, sai a 1983 aka raba shi uku. An zaɓi ma'aikatan sa-kai da ungozomomi a ƙauyuka, an gina ɗakunan shan magani. Kafin ƙarshen shekarun 1980 shirin ya yi sanyi. An kwaikwayi akwatin magani, an bar abin da ke bayansa: babu mai zuwa duba ma'aikaci, babu hanyar sake cika akwati, babu albashi, kuma manomi ba zai bar gonarsa da damina yana yawon gidaje kyauta shekara da shekaru ba. Daga 1989 gwamnati ta sake fasali bisa shirin Bamako na 1987, ta mayar da ƙarfi ga cibiyoyin lafiya da kwamitocin jama'a, majinyaci kuma ya riƙa biyan kuɗin magani. Dokar 1995 ta kafa gundumomin kiwon lafiya. Wannan ya zo daidai da rage albashin ma'aikata a 1993 da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Wato dai aka koma jiran uwa ta kawo ɗanta, a lokacin da aljihun maigida ya fi kowane lokaci bushewa.

5.0 Abin da shan inna ya koyar

Cutar shan inna ce ta mayar da ma'aikata ƙofar gida, domin kawar da ita na buƙatar a ɗiga wa kowane yaro magani, ba wanda aka kawo kaɗai ba. A nan ne aka yi karo da zaure. A 2003 wasu jihohin arewacin Nijeriya suka dakatar da rigakafin bisa zargin yana hana haihuwa, kuma Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004. A tsakanin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Kamaru. Ko bayan an koma, magidanta da yawa sun ci gaba da rufe ƙofa, kuma tambayarsu tana da ma'ana: me ya sa ake kawo maganin cutar da ba su cika gani ba har gida kyauta, alhali maganin zazzaɓin da ke kashe 'ya'yansu sai sun saya?

Daga 2012 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, tare da gwamnati suka ɗauki dubban mata 'yan unguwa a jihohin arewacin Nijeriya, kowace aka ba ta gidajen da take lura da su, da ɗan alawus. Tana rubuta masu ciki da jarirai, tana halartar suna, tana magana a kan shayarwa da wanke hannu da zuwa awo. A taƙaice an dawo ga darasin Maraɗi bayan kusan shekara 50. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a Kano a 2014 ne, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ran 25 ga Agusta, 2020.

Tun a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ziyarci jariri a gida a rana ta 1 da ta 3, in da hali da ta 7. Waɗannan su ne kwanakin da mai jego ba ta fita, namiji baƙo kuma ba ya shiga. A nan akwai cikas ga arewacin Kamaru: ana son ma'aikacin da zai iya cike takarda da Faransanci, kuma a yankin da karatun boko na 'ya'ya mata ya yi ƙaranci, maza ne suka fi cika wannan sharaɗi. Mai iya rubutu ya tsaya a jawleeru, mai iya shiga ɗaki ba ta iya rubutu ba.

6.0 Damina, zazzaɓi da kuɗin waje

Binciken lafiyar jama'a na Kamaru na 2011 ya nuna yara 122 cikin 1,000 ne ke mutuwa kafin su cika shekara 5, na 2018 kuma ya nuna kimanin 80, kuma a duka biyun jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa sun ɗara matsakaicin ƙasa. A tsakanin waɗannan shekaru an yi abubuwa da dama. A 2011 maganin zazzaɓin cizon sauro marar tsanani ya zama kyauta ga 'yan ƙasa da shekara 5. A 2015 aka fara sayar wa masu ciki na jihohin arewa uku wata takardar lafiya a kan sefa 6,000, wato jaka shida, wadda ke biyan awo da haihuwa da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa, kusan daidai da arba'in ɗin jego.

Shirin da ya fi kowanne shiga gidaje ya fara a 2016, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012 ga ƙasashen Sahel: rigakafin zazzaɓin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Tun da zazzaɓi a irin su Bogo da Garwa a 'yan watannin damina yake taruwa, sai a riƙa ba yaro magani kowane wata ko da lafiyarsa ƙalau. Ana yin aikin ne zagaye-zagaye a cikin watannin damina. Ma'aikata suna bin gida-gida, su ba yaro maganin ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku, su yi alama da alli a ƙofa. Tsara wannan aiki ba ƙaramin abu ba ne. Sai an ƙidaya yara, an kai magani kafin rafuka su cika su yanke hanya, an san inda makiyaya suka koma, an kuma tuna cewa zagayen ƙarshe yana faɗawa cikin dashen masakwa, lokacin da gida kan tashi zuwa gona tun asuba. Rabin aikin ma a hannun uwa yake, domin in ta ajiye sauran ƙwayoyin sai yaro ya yi zazzaɓi, rigakafin ya raunana. Bayan wannan aka horar da ma'aikatan unguwa masu aiki duk shekara, masu gwada jini da ba da maganin zazzaɓi da gudawa da auna damtsen yaro domin gano tamowa.

Abin lura shi ne kowace ziyara a wannan tarihi wata cuta ce ta kawo ta. A Jamaika an gwada wani abu dabam daga 1986: yara 129 masu tsumburewa 'yan wata 9 zuwa 24 a birnin Kingston, inda wasunsu aka riƙa ziyartar su kowane mako har shekara biyu, ana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100. Irin wannan ziyara tana buƙatar mai zuwa ɗaya, sananniya, wadda ba za ta ɓace ba, kuma wannan ya dawo da batun wa ke biya.

A arewacin Kamaru amsar ita ce ƙasashen waje. A 2017 shirin shugaban Amurka na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya shigo da Kamaru cikinsa, ya mai da hankali ga jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, ya ɗauki nauyin magani da alawus na ma'aikatan unguwa. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, a Yuli kuma aka rufe hukumar USAID da ke tafiyar da shirin. A Oktoban wannan shekara kamfanin dillancin labarai na Reuters ya aiko da rahoto daga Bogo, inda ya ce ma'aikatan unguwa da yawa da Amurka ke biya sun daina aiki, kuma ana kawo yara cibiyar lafiya bayan zazzaɓi ya riga ya yi tsanani.