Littafin Ibada da Kunnen Jama'a a Majami'un Yankin Zoza

Yawancin Kiristocin ƙauyukan Zoza, Rogo da Ƙaraye Hausawa ne 'yan ƙasa, jikokin Maguzawa. Wasu suna cikin ECWA, wadda ta tsiro daga mishan ɗin SIM a 1954, wasu kuma suna Angilika ko Katolika. Idan shekara ta juyo, dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata sukan zauna su tsai da littafin da za a riƙa bi tare. Abin da aka fi dubawa shi ne ingancin koyarwa da kuɗin littafin. A ganina, ba a nan gizo yake saƙa ba.

Littattafai irin su Abincin Yini na ECWA an tsara su ne domin mutum ya karanta shafi guda da safe: aya, ɗan bayani, addu'a. A ƙauye kuwa kwafi ɗaya ne a hannun mai karatu, sauran jama'a suna saurare, da yawansu tsofaffin da ba su yi boko ba. Jimlar da ido zai koma ya sake bi, kunne sau ɗaya yake jin ta. Shi ya sa mai karatu yakan tsaya ya warware, har bayaninsa ya ninka shafin, a tashi ba a san ko littafin aka bi ko ra'ayinsa ba.

Sai batun harshen. Jos ce cibiyar ɗab'in ECWA, kuma ɗimbin masu rubutu da karatu da Hausa a coci sun koye ta ne bayan harshen gida. Bakanon da ya sha ta a nono yana jin tuntuɓen jinsi da na karin magana nan take, ko da kunya ta hana shi faɗa. Ga kuma fassarar Littafi Mai Tsarki: tsoho ya haddace ayarsa daga ta 1932, wadda Dokta Walter Miller ya yi wa aiki, matashi yana riƙe da sabuwa, littafin ibadar ya ɗauko ɗaya ya bar ɗaya.

Tsarin kwanan wata ma bai san damina ba. Ranar da aka wuni a gonar masara ko rake ba a taruwa, shafuka su taru, a rasa ko a tsallake su ko a rama. Da kwamiti zai sa a karanta shafi biyu da murya a gaban tsofaffin mata kafin a aika saye, da an rage littattafan da ake ajiyewa tun kafin girbi.