Taki da Ragowar Abinci a Tarihin Sana'o'in Kano

Tun kafin a kafa hukumomin kwashe shara, birnin Kano yana da tsarin da yake sarrafa ragowar abinci da dattin da sana'o'i suke fitarwa, kuma tsarin ya ginu ne a kan ciniki, domin kusan duk abin da wata sana'a ta rage yana da mai saye a wata sana'ar. Birnin ya daɗe da zama cibiyar kasuwanci, musamman tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma aka kafa kasuwar Kurmi a lokacinsa, saboda haka tarin jama'a da dabbobin fatake sun tilasta wa mazauna birnin neman hanyar da datti zai fita ba tare da ya zama asara ba.

Matakin farko yana cikin sana'o'in abinci su kansu. Idan aka surfa gero ko dawa, dusar da aka fitar takan tafi wurin masu kiwo, haka kuma ƙasari, wato ruwan da aka wanke surfaffen hatsi da shi, akan ba awaki da tumaki su sha. Matan da suke matsar man gyaɗa ba sa zubar da tunkuza, wato abin da ya rage bayan an tatse mai, sai su soya ta ta zama ƙuli-ƙuli, ko su sayar wa masu kilishi su haɗa labu da ita. Masu tuwon sayarwa sukan mayar da tuwon da ya kwana ɗumame, su kankare ƙanzon tukunya su shanya, abin da ya saura kuma a ba almajirai da mabuƙata, tunda addini ya hana almubazzaranci, al'ada kuma tana ganin zubar da abinci a matsayin butulce wa ni'imar Allah. Hatta a marina, irin ta Ƙofar Mata, akan kwashe lakar baba da toka da ta kwanta a gindin rijiyar rini a ƙona ta, ta zama katsi, wanda ake haɗa laso da shi don shafe rijiyoyin da soraye.

Abin da ya gagari ci da kiwo shi ne yake komawa juji, kuma daga nan ne cinikin taki yake farawa. Taki a wannan ma'ana cakuɗa ce ta tokar murhu da kashin dabbobin da ake turkewa a gidaje da sharar tsakar gida da ragowar ganye da ɓawo, wadda take ruɓewa a hankali. Da rani, manoman karkarar da ta kewaye birnin sukan shigo da jakunansu ɗauke da itacen girki ko kara ko hatsi, su sayar, sa'an nan su cika mangala da taki su koma, su jibge shi tsibi-tsibi a gona har damina ta kusa a baza. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya nazarci wannan yanki tun daga shekarun 1960, ya kuma nuna cewa zuba taki a kai a kai yana cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba, duk da cunkoson jama'ar da ke zaune a kansu. Tunda jaki ba ya wuce tafiyar da zai je ya dawo a yini guda, gonakin da suka fi kusa da ganuwa su ne suka fi samun wannan rabo.

Ƙarni na ashirin ya sauya yanayin. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa sun faɗaɗa birnin nesa da ganuwa, sa'an nan a shekarun 1970, musamman da shirin ciyar da ƙasa na 1976, gwamnati ta sauƙaƙa farashin takin zamani har wasu manoma suka rage dogaro da na gargajiya. Da aka fara janye tallafin bayan sauye-sauyen tattalin arziki na 1986, sai buƙatar takin birni ta dawo, aka koma sayensa tifa-tifa daga direbobi. Sai dai jujin da aka tarar ya riga ya canza, domin leda da fasassun kwalabe da batura da gwangwani sun cakuɗe da shi, ta yadda dole manomi ya tsince su kafin ya baza, dabbobin da suka haɗiyi leda kuma su rame ko su mutu.

A daidai wannan lokaci, noman rani da madatsar ruwa ta Tiga ta buɗe wa hanya a yankin Kadawa da Kura ya kawo tumatir da tattasai da albasa masu yawan gaske zuwa kasuwanni irin su 'Yan Kaba, kuma idan kaya suka yi kwantai, ana zubar da kwanduna na ruɓaɓɓen kayan gwari a bola ɗaya da robobi. Manoma sun ci gaba da tsohuwar dabarar yanka tumatir a shanya shi ya zama kauɗa, amma abin da ya riga ya ruɓe a kasuwa ba ya samun mai saye idan ya gauraye da abin da ƙasa ba ta iya cinyewa.

Wannan tarihi yana nuna cewa ragowar abinci tana da daraja a Kano matuƙar an ware ta tun daga inda ta fito, kuma darajar tana zubewa ne da zarar an haɗa ta da leda. Saboda haka ya kamata gidajen abinci da otal-otal da mahauta da shugabannin kasuwannin kayan gwari su riƙa ware abin da yake ruɓewa a mazubi na dabam, hukumar kwashe shara ta jiha kuma ta haɗa su da masu kiwo da manoman karkara, waɗanda har yau suke biyan kuɗi don samun taki mai tsabta.