Yadda Tsinken Saƙa Ya Samu Igiya, Igiyar Kuma Ta Koyi Kwancewa

Duk wadda ta taɓa saƙa hular jariri da tsinke biyu ta san inda aikin yake ɓata rai. An gama saƙa, sai kuma a ɗauko allura a haɗe gefe da gefe, ɗinkin ya zauna a ƙeyar hular kamar tabo. Tsinken zagaye, wato kawunan tsinke biyu da igiya ta haɗa su, yana raba mai saƙa da wannan ɗinki, domin hular tana fitowa a rufe tun daga bakinta. Mutane da yawa suna ɗaukar saƙar zagaye sabon yayi. Ita ce ma tsohuwar hanya.

Tsofaffin saƙaƙƙun kayan da aka tono sun fito ne daga Masar: safunan auduga masu zanen fari da shuɗi, daga ƙarni na 11 zuwa na 14, kuma a zagaye aka saƙa su. Daga ƙasashen Musulmi sana'ar ta shiga Turai, har aka samu saƙaƙƙun matasai a kabarin wani ɗan sarkin Sifen da ya rasu a 1275. Wajen shekarar 1400 wani mai zane a Jamus, Bertram, ya zana Nana Maryam tana saƙa riga da tsinkaye huɗu masu tsini a kowane kai. Haka aka yi ta fama ɗaruruwan shekaru: tsinke huɗu ko biyar, kowanne yana riƙe da kasonsa na saƙar. Ga safa da safar hannu abin yana tafiya daidai. Ga rigar babban mutum kuwa sai dogayen tsinkaye na ƙarfe, masu nauyi, ga zare yana zamewa ta kan da ba a tsare ba.

A 1918 aka yi wa tsinken zagaye rajistar ƙirƙira ta farko a Amurka. Dabarar ta yi kyau, kayan aikin ne suka gaza. Igiyar ta murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe ce, kuma a daidai mahaɗarta da kan tsinke siraran wayoyin sukan tsinke su miƙe, su riƙa cafke zaren ulu suna yage shi. Tun daga ranar, labarin wannan tsinke ya koma labarin mahaɗa, wurin da bai kai faɗin farce ba.

Sauƙi ya zo daga ɗakin binciken kamfanin DuPont, inda Wallace Carothers da abokan aikinsa suka haɗa nailan a 1935. Da igiyar nailan ta maye gurbin waya, tsinken ya yi sauƙi a hannu, ya daina cin zare. Saura wadda za ta sa mutane su yarda da shi. Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila da ta koma Amurka a 1937, ta shafe rayuwarta tana koya wa mata saƙa suwaita a zagaye ba tare da ɗinki ba, ta wasiƙunta, da shirinta na talabijin, da littafinta Knitting Without Tears na 1971. Hujjarta mai sauƙi ce: nauyin rigar yana sauka a cinya, ba a wuyan hannu ba, kuma fuskar saƙar kullum tana kallon mai yin ta.

Sai wata matsala ta ɓullo, ta aljihu. Tsinke miƙaƙƙe kauri kawai ake duba masa. Na zagaye kuwa kauri da tsawo ne: santimita 40 don hula, 60 ko 80 don jikin riga, 100 zuwa sama don bargo ko mayafi. Wadda take son kauri goma a tsawo huɗu tana bukatar tsinke 40, kuma ranar da ta zauna aiki, wanda take nema shi ne babu. Daga nan tunanin raba kai da igiya ya taso, a riƙa haɗa wanda ake so da wadda ake so. Kamfanin Boye ya fito da jakar Needlemaster mai kawunan alminiyam da ake murɗawa cikin igiya. A shekarun 1970 kamfanin Denise ya biyo baya da kawunan roba da ake ɗan juyawa su kulle.

Amma raba kai da igiya ya dawo da tsohon ciwon nan na 1918 ta wata ƙofa. Mahaɗar da ake iya kwancewa tana iya kwance kanta, kuma babu takaicin da ya kai igiya ta rabu a tsakiyar layi, saƙar mako guda ta zube a cinya. Kamfanoni sun rabu gida biyu a kan maganin. KnitPro na Indiya da ChiaoGoo, wanda ake ƙera kayansa a Sin, sun riƙe murɗi, suka huda ɗan rami a gindin igiyar inda ake zura siririn makulli a ɗaure tam. Addi na garin Altena a Jamus, gidan da ya fara aiki tun 1829, ya zaɓi a danna a juya, babu makulli. A ganina kowanne da ladansa da la'adarsa: mai murɗi yakan fi santsi a mahaɗa amma yana hukunta wadda ta yi ƙyuyar amfani da makulli, mai dannawa kuma ya fi sauri. Igiyar ma ta canza. Tsohuwar nailan takan riƙe naɗin da ta yi a cikin leda, har sai an tsoma ta a ruwan zafi ta miƙe. Jar igiyar ChiaoGoo waya ce ta ƙarfe da aka lulluɓe da nailan, wato an koma ga wayar farko, an sa mata riga. Laushin igiyoyin zamani ne ya ba da damar dabarar da wani ɗan littafi na 2002 ya yaɗa, ta saƙa ƙaramar safa da doguwar igiya ɗaya ana zaro ragowarta ta gefe biyu.

Wannan tarihi ya bar wa mai saye tarkuna. Lambar kauri ba ɗaya ba ce: lamba 8 a tsohon lissafin Ingila milimita 4 ce, a na Amurka kuwa milimita 5, don haka milimita ake dubawa. Kawuna masu tsawon santimita 13 ba sa lanƙwasuwa su yi zagayen hula, sai gajeru na santimita 10. Gora da katako suna riƙe zare mai santsi, ƙarfe yana sake shi da gudu. Kuma har yau kamfanonin ba su daidaita a kan mahaɗa ɗaya ba. Kan Addi ba ya shiga igiyar KnitPro, haka ma ChiaoGoo a cikin gidansa yana da mahaɗa ƙanana da manya, sai da ɗan ƙarfen haɗi siririyar igiya take karɓar kai mai kauri.