Ƙaramar Bindiga Mai Araha daga Ƙetare: Nazari kan Inganci da Ƙimarta a Kauru da Kudancin Kaduna

Tun bayan rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, da kuma hare-haren da suka afka wa ƙauyukan masarautar Chawai a ƙaramar hukumar Kauru a ƙarshen 2016, neman makamin kare kai ya samu gindin zama a zukatan manoma da makiyaya da 'yan kasuwar Kudancin Kaduna. Wannan maƙala ta duba ƙaramar bindiga, wato wadda ake riƙewa da hannu ɗaya, irin mai araha da ake shigowa da ita daga ƙetare, domin gano ko akwai hanyar da mai saye a wannan yanki zai iya auna ingancinta.

Masana makamai kan auna ingancin bindiga da irin ƙarfen da aka ƙera ta, da gwajin da aka yi mata kafin ta bar masana'anta, da kuma lambar shaidar da ke jikinta. Gwajin shi ne ginshiƙi, kuma ma'anarsa ita ce a harba harsashin da ƙarfinsa ya zarce na yau da kullum a cikin bututun bindigar, idan ya jure ba tare da ya tsage ba sai a buga masa hatimi. Gidan gwaji na Birmingham a Ingila yana wannan aiki tun 1813. Amurka ma, da ƙananan bindigogi masu araha suka cika mata kasuwa, ta kafa doka a 1968 wadda ta gindaya sharuɗɗa kan waɗanda za a shigo da su.

Abin damuwa shi ne wani kaso na abin da ake sayarwa da sunan bindigar ƙetare a Afirka ba a ƙera shi don harba harsashi na gaske ba. Akwai bindigogin tsoratarwa, yawancinsu ƙirar Turkiyya, waɗanda amo kawai aka yi su su fitar, ana kuma zuba gangar jikinsu da gaurayen tutiya mai rauni, amma 'yan fasa-ƙwauri kan sauya su su sayar. Irin wannan bindiga kamanninta ba ya bambanta da na ta gaske a idon wanda bai ƙware ba, alhali tana iya tarwatsewa a hannun mai harbi ta raunata shi, kuma ƙurar hunturu da laimar damina mai tsawo ta tsaunukan Kauru suna ƙara gaggauta lalacewarta. Haka nan ba duk abin da ke ɗauke da sunan kamfanin waje ne ya tsallako teku ba, domin maƙeran gida sun iya kwaikwayo, kamar yadda masana'antar ɓoye da sojoji suka bankaɗo a Kafanchan a 2023 ta nuna.

Doka ce ta yanke hukunci a kan sauran batun. Dokar Bindigogi ta 1959 ta bai wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ikon bayar da lasisin bindigar toka, ta bai wa Sufeto Janar na 'Yan Sanda ikon bayar da lasisin bindigar farauta, amma ta sanya libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin rukunin haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya bayar da izininsu, sa'annan wanda aka kama da ita ba lasisi yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ita ma ta hana shigo da su sai da izini na musamman, ta kuma wajabta sanya musu lamba. Saboda haka bindigar da ta isa hannun manomi a Kauru ta biyo ta ɓarauniyar hanya ce, inda akan goge lambarta, babu takardar gwaji, babu kuma wanda za a koma wa idan ta ci amana.

Ko da an dace da mai kyau, amfaninta taƙaitacce ne, tun da harbinta ba ya yin daidai fiye da kimanin mita 50, yayin da AK-47 da maharan daji ke ɗauka take kaiwa mita 300. Magidancin da ya sayar da buhunan citta ko masara ya saye ta ya ɗauko wa gidansa haɗarin ɗauri da na fashewa da na yaro ya tsince ta, bai kuma samu kariyar da ya nema ba. Wannan nazari ya tabbatar da cewa araharta ba ta da wata ƙima ga mutumin Kauru, kuma nauyin biyan buƙatar da ta haifar da kasuwarta yana wuyan gwamnatin jiha da ta tarayya da Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa da aka kafa a 2021, ta hanyar girke jami'an tsaro na dindindin a ƙauyukan da ke bakin daji da gyara hanyoyin da za su kai musu ɗauki cikin gaggawa.