Yadda Hasken Mai Hoto Ya Rabu da Kyamararsa

A Anka, Gummi da Bukkuyum, akasarin aikin mai hoto a wajen situdiyo yake: zauren ɗaurin aure, ɗakin amarya da daddare, ƙofar fada ranar Sallah. Filashar da ke bisa kyamara ba ta kyautata wa irin waɗannan wurare. Takan daki fuska kai tsaye, shadda ta yi ƙyalli har adonta ya ɓace, inuwa ta manne a bango. Maganin shi ne a ɗauke filashar a kafa ta a gefe. Sai dai ta yaya hasken da ke can zai san an danna kyamara a nan? Tambayar ta haura shekara ɗari.

A 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa garin magniziyam mai tashi da haske. Mai hoto kan buɗe kyamara, ya cinna wa garin wuta, sannan ya rufe, ga hayaƙi ga haɗarin ƙuna. A 1929 ƙwan filasha ya shiga kasuwa a Jamus, amma sau ɗaya yake ci ya mutu. A 1931 kuma Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya inganta filashar lantarki, wadda ake iya amfani da ita sau dubbai, kowane haskenta cikin ƙiftawar ido. Wannan saurin ne ya fi ƙarfin hannun mutum, dole na'ura ta karɓi aikin.

Da farko kebul aka ja daga kyamara zuwa filasha. Yana aiki, amma gajere ne, kuma a cikin taro ba ya rasa mai tuntuɓe da shi. Daga nan aka ƙera ƙaramin ido mai kunna filasha da zarar ya ga wani haske ya walƙa. Arha gare shi, sai dai rana tsaka takan makantar da shi, kuma a gidan biki duk mai hoton da ya haska, filashar wani ce za ta amsa, batir ya tafi a banza.

Rediyo ne ya warware matsalar. A shekarun 1990 makunnin PocketWizard, ƙirar jihar Vermont ta Amurka, ya zama abin dogaron ƙwararru, amma kuɗin guda biyu ya kai ɗaruruwan daloli. Masu arha da suka fara fitowa daga Sin a tsakiyar shekarun 2000, a zangon megahaz 433, sukan ƙi tashi ko su tashi ba a taɓa su ba. Lamarin ya sauya a ƙarshen shekarun, da Yongnuo ya fitar da RF-602 a zangon gigahaz 2.4. Daga baya Godox na birnin Shenzhen ya saka makarɓin saƙon a cikin filashar kanta.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai shirin saye. Makunnin gigahaz 2.4 ya fi na tsohon zango tabbas, kuma mai tashoshi da yawa shi ke raba masu hoto biyu a biki ɗaya. Wanda ke auna haske da kansa ya fi tsada, kuma na Canon ba ya yi wa Nikon wannan aikin. Wanda ake saitawa da hannu kuwa yana hawa yawancin kyamarori. Batir ma abin dubawa ne: AA da AAA ana samunsu a shagon unguwa, amma CR2 da RF-602 ke ci yana iya sa mutum tafiya Gusau ko Sakkwato. Mai sayen filasha ta hannu ya ƙara lura, domin wasu tsofaffin Vivitar 283 na fitar da sama da bolt 200, abin da zai iya ƙona makunni ko kyamarar zamani.

Hausawa na cewa arha ba ta ado. A wannan sana'a arhar ta fara ado, muddin an gwada kaya kafin a biya: a danna sau hamsin, a nesa da kuma bayan bango, a ƙirga sau nawa filashar ta yi shiru. Ba a sake ɗaurin aure don filasha ta ƙi tashi, kuma a gari irin Gummi, hoto ɗaya mai duhu ya isa ya mayar da aikin zuri'a guda hannun wani.